Rufin Aro a Tungar Marke

Duk wanda ya saba shiga motata a shekarun nan ya san kujerar gaba ta ranar Juma'a ba ta kowa ba ce. Ko Alhaji ne da babbar riga, sai dai ya hau baya cikin buhuna da awaki, don gaba ta Malam Arzika ce. Ni ne Tambaya, direban akori-kura. Na daɗe ina jigila tsakanin Bungudu da ƙauyukan bayanta, hanyar da in ka bi ta sau ɗaya sai ka kwana biyu kana gasa ƙugu. A wannan hanya na san shi, kuma har yau in na tuna da shi haushi da tausayi tare suke taso mini.

Shi ne hedimastan firamaren Tungar Marke. Dogo ne siriri, da furfura a gefen kai, kullum cikin wani shuɗin kaftani da guga ta cinye wa wuya. Ba mai yawan magana ba ne, amma doguwar hanya tana buɗe bakin mutum, don haka a hankali na tsinci labarinsa. Ɗan 'Yankuzo ne, can ƙasar Tsafe. Lokacin da aka zo ɗibar yara zuwa boko, masu hali suka ɓoye nasu, aka miƙa shi, don ubansa ba shi da mai tsaya masa. Ya yi karatun, ya zama malami, ya koyar a Tsafe, ya koyar a Gusau tun duk muna ƙarƙashin Sakkwato. A Gusau matarsa Salma ta rasu. 'Ya ɗaya ta bar masa, Nana Khadija, tana aure a Damba, nan gefen Gusau. Ta yi ta roƙonsa ya nemi a bar shi cikin gari kusa da ita, ya ce shi ba zai tsufa a zauren suruki ba. Da aka tura shi Tungar Marke sai ya ɗaure tabarmarsa da rediyonsa ya tafi.

A ɗan ɗakin ajiya na makarantar yake kwana, don babu gidan malamai. Mutanen garin suna girmama shi, wannan ba ƙarya. Suna gaishe shi har da rusunawa, amma ba wanda ke zama hira da shi. Ɗan boko ne, baƙo ne, kuma ba shi da mata balle a yi zumunci ta cikin gida. In an idar da sallah kowa ya nufi majalisarsa, shi kuma ya bi ta cikin gonaki ya koma makaranta. Na sha wucewa da la'asar in hango shi zaune a dakalin aji, rediyo a gefe, yana jiƙa gari shi kaɗai. In na danna masa ham sai ya ɗaga hannu sama, ya daɗe bai sauke ba.

Ita makarantar kuwa, kai! Da aka ba mu jihar Zamfara kowa ya ce wahala ta ƙare, Gusau ga ta nan kusa, kuka ɗaya za a yi a ji. Ashe sabuwar jiha kamar sabon gida ce, komai sai an saya, kuma makarantar ƙauye ita ce ƙarshen layi. Malamai uku ne da. Malam Hamidu ya gaji da jiran albashi, ya koma kabu-kabu a Gusau. Ɗayan ya samu wani ofis a sabuwar jiha, ko sallama bai dawo ya yi ba. Aka bar Malam Arzika da yara tun daga 'yan aji ɗaya har 'yan aji shida. Alli ya ƙare, ya koma rubutu da busasshen rogo. Allo in ya koɗe sai ya fasa tsohon batir ya shafe shi da baƙin garin da ke cikinsa. Benci kuwa tuni gara ta gama da su, yara kan duwatsu da guntayen tubali suke zama. Sai kuma iskar farkon damina ta shekarar casa'in da bakwai ta zo ta yaye kwanon rufin kakaf, ta watsa shi cikin gonaki, wasu suka tsinta suka rufe akurkin kaji.

Abin da ke kai shi Bungudu duk Juma'a ke nan. Kafin masallaci sai ya leƙa ofishin ilimi ya yi maganar rufi. Su ma mutanen ofishin, tsakani da Allah, ba su da ko man da za su zuba a mashin. Sai a ba shi kujera, a ba shi haƙuri. Daga baya ma suka gaya masa gaskiya: in wata damina ta sake samun makarantar ba rufi, za a haɗe ta da ta Gidan Maƙeri, a huta. To Gidan Maƙeri tana hayin gulbi. Da rani ka taka yashi ka wuce, da damina kuwa ruwa har ƙirjin babba. Ba uban da zai bar ɗansa ƙarami ya tsallaka, balle 'ya mace. Malam ya san haɗewar nan sunanta kawai haɗewa, boko ne zai mutu a Tungar Marke.

Ran nan cikin rani ya shigo mota, na ga fuskarsa da wani haske da ban saba gani ba.

Ya ce, "Tambaya, baƙi za su zo daga Gusau duba makarantu. Mu Talata ta sama, Gidan Maƙeri kuma mako mai bi mata. Ina son motarka ranar Lahadi, za mu ɗauko benci wurin Malam Mahadi."

Bari in yi bayani, don wanda bai zauna da malaman ƙauye ba ba zai gane ba. Tun zamanin da, in masu duba makarantu za su zo, hedimastoci aron kaya suke yi a tsakaninsu. Wannan ya ba da benci, wancan ya ba da tebur, wani ma har malami yake bayarwa na yini ɗaya. In baƙi sun wuce a mayar, ran da layi ya zo kan maƙwabci kai ma ka kai masa naka. Ba wanda ke kiran abin ƙarya, rufin asiri ake ce masa. A haka Malam Arzika ya tashi. Shi a saninsa, in baƙo ya tarar da yara a ƙasa, hedimasta ne ya gaza.

Ni kuwa a tasha nake yini, kuma ba maganar da ba ta biyowa ta tasha. Na ce, "Malam, ni fa abin da na ji daban ne. An ce waɗannan ba masu duba aiki ba ne, masu neman inda ya lalace ne don a gyara. Ka bar musu ita yadda Allah ya yi ta, su gani da idonsu."

Ya ce, "Awo, ni ma na ji hakanan."

"To?"

"To wa zai zuba kwano kan kango? In suka iske ta kamar kufai, cewa za su yi ta riga ta mutu, a haɗe ta kawai. Sai sun ga tana da rai za su taimake ta. Kuma ni, Tambaya, da furfurata, ba zan tarbi baƙi da ɗiyan mutane zaune cikin ƙasa ba."

Na ce, "Wallahi Malam kana da taurin kai kamar tsohuwar giyar motar nan." Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Na so in ƙara, sai na ga ya juya yana kallon gonaki, na mayar da hankalina kan tuƙi.

Ranar Lahadi muka tsallaka yashi muka je Gidan Maƙeri. Malam Mahadi, hedimastan can, mutum ne gajere mai fara'a, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya ya yi abin da ya yi. Ita ma tasa makarantar ba wata ta kirki ba ce, rufinta duk ya huje, amma tana da benci. Ya kwashe su kaf ya ba mu, ya haɗa da teburinsa da kujerarsa da taswirar da ke bango, ya ce malamansa biyu ma za su zo ranar su tsaya a aji. Sawu na yi ta yi har rana ta karkata.

Saura rufi. A nan ne abin ya ba ni mamaki. Da Malam ya je ya gaya wa mai gari baƙin Gusau na tafe, sai mai gari ya ce ai wannan ba kunyar Malam kaɗai ba ce, kunyar Tungar Marke ce. Aka buga gangar gayya. Mutanen da suka shekara suna wuce makarantar nan ba su ko waiwaya ba, sai ga su da tsani da guduma. Aka ciro kwanon rumfunan kasuwa, aka jera kan azuzuwan, ƙusa nan da can don kada a sha wuyar cirewa, tunda dole a mayar kafin ranar kasuwa. Aka shafe bango da farar ƙasa. Aka jera duwatsu tun daga bakin hanya, su ma aka shafe su. Mata suka aiko da fura ƙwarya-ƙwarya.

Ban taɓa ganin Malam Arzika kamar a kwanakin nan ba. Ya tuɓe kaftani, daga shi sai singileti, yana miƙa kwano, ana tsokanarsa yana ramawa. Wani tsoho ya ce masa ashe ɗan boko ma yana zufa, aka fashe da dariya har da shi. Da aka zauna shan fura, cikin mutane ya zauna, ludayi na zagayawa har ya zo hannunsa. Da zan tafi ya rako ni bakin mota, ya ce, "Ka gani ko? Ashe suna so." Na ga idonsa ya kawo ruwa. Maganar da ke bakina ta koma ciki, don ba ni da zuciyar da zan ɓata masa wannan rana.

Talata ina wurin, don na ce ko zan rasa lodin yini sai na ga ƙarshen abin. Baƙi suka iso da hantsi cikin farar mota, shugabansu wani Injiniya Lukuman, matashi mai ladabi. Suka tarar da makaranta fes, fara tas, kwano na ƙyalli. Yara sun yi wanka, suna zaune kan benci, kowane aji da malami a gaba. Har yaran da suka daɗe da barin zuwa an tattaro su daga gona. Suka miƙe suka gaida baƙi da murya ɗaya. Injiniya ya zaga, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya gyaɗa kai.

Sai ya tsaya a tsakar fili, ga mai gari, ga dattawa, ga masu rumfunan da aka ciro wa kwano duk sun kewaye, ya ce, "Baba, mun ga ƙoƙari. Yanzu mece ce babbar matsalarku a nan?"

Ina tsaye jikin motata ina cewa a raina, faɗi mana, Malam, don girman Allah faɗi! Na ga ya ɗaga ido ya dubi kwanon. Na ga ya dubi mai gari, wanda ke ta murmushi kamar ranar sunan jikansa. Yaya zai ce rufin nan na aro ne, a gaban mutanen da suka hau tsani don su rufa masa asiri? Bakinsa ya motsa, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Sai godiya. 'Yan abubuwan da ba a rasa ba ne kawai."

Injiniya ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce da duk hedimastoci irinsa ne da an huta. Ya juya ya gaya wa abokan tafiyarsa cewa ga abin da suke faɗa kullum, in gari ya tashi tsaye ba sai ya jira gwamnati ba. Aka kawo dambun nama da fura, suka ci suka sha.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ɗaya daga cikinsu ya duba rana ya ce tunda nan ba wani aiki, kuma an ce Gidan Maƙeri hayin gulbi ce kawai, me zai sa a sake ƙona mai wani mako? A ƙarasa yau. Na ga malaman aro biyu sun dubi juna. Kafin wani ya yi dabara, farar mota ta riga ta hau yashi.

Abin da suka tarar a can, Malam Mahadi da kansa ya ba ni labari. Yara zube a ƙasa, ba benci ko ɗaya, ba tebur, ba malami sai shi kaɗai yana tsaye da sanda, rana na zubowa ta hujojin rufi. Ya ce kunya ta sa ya rasa inda zai sa kansa. Shi ma kuma bai iya cewa kayansa suna wurin maƙwabta ba, don in ya faɗa ya tona Malam Arzika. Injiniya ya ce bai ga makarantar da ta kai wannan tausayi ba duk zagayen da ya yi.

Washegari aka sauke kwano aka mayar kasuwa. Ni na kwashe benci na mayar hayi. Da na dawo ɗaukar sawun ƙarshe, na iske Malam tsaye cikin aji, farin bango kewaye da shi, sama buɗe. Haushi ya ci ni, na ce, "Ai ga shi nan, Malam! An yabe ka, sai ka dafa yabon ka ci." Ya sunkuya yana mayar da duwatsun zaman yara layi-layi.

Ba a yi wata biyu ba sai ga manyan motoci suna wucewa ta gaban Tungar Marke da kwano sabo fil da katako da siminti, suna tsallaka gulbi. Ta gaban makarantarsa suke bi, don ba wata hanya. Yara su fito suna ɗaga musu hannu.

Ya yi ƙoƙarin gyara abin, kada a ce bai yi ba. Na kai shi Bungudu, suka ce magana ta fi ƙarfinsu, daga Gusau aka tsara. Ya hau mota ya tafi Gusau, ya yini kan benci a wani dogon baranda yana jiran Injiniya, aka ce ya tafi zagayen wata ƙaramar hukuma, kuma rabon bana an riga an rufe. Ko gidan Nana Khadija bai biya ba, ga Damba nan kusa, don ya ce bai san abin da zai ce mata ba. Ya koma wurin mai gari ya roƙi a sake gayya, ko da rufin ciyawa ne. Mai gari ya ce ai an yi gayya, kuma shuka ta matso, kowa na ta gonarsa. Mutane suka koma gaishe shi daga nesa. Wasu ma cewa suke yi shi ya jawo, wai da ya yi shiru da yanzu su ke da sabon kwano. Su da suka hau tsani da kansu! Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai.

Ruwan farko ya sauka, ya wanke farar ƙasar nan ta gangaro jikin bango. Na biyu ya jiƙa allo har ya kumbura. Kafin gero ya kai gwiwa aka aiko cewa an haɗe makarantar, Malam Arzika kuma zai koma ƙarƙashin Malam Mahadi.

Bai tashi daga ɗakin ajiyarsa ba. Ya bi gida-gida yana cewa a ba shi yaran, shi zai riƙa tsallakar da su da safe ya dawo da su da azahar. Da fari wasu suka yarda. Sai ka gan shi da sassafe a bakin gulbi, wando naɗe har cinya, ya ɗora ƙarami a wuya, manya sun riƙe rigarsa, suna ratsa ruwa. Da ruwa ya ƙaru aka fara janye 'yan mata. Sannan ƙanana. Sannan noma ya kwashe sauran.

Wata Juma'a cikin watan takwas bai fito mota ba. A Bungudu wani ma'aikacin ofishin ilimi ya tare ni a tasha da wani kwali, ya ce saƙo ne daga Gusau, in kai wa hedimastan Tungar Marke. Agogon bango ne, mai ruwan zinariya a gefe, kyautar makarantar da ta fi kowace kula da kanta a zagayen da aka yi. Na ɗora shi a kujerar gaba, na yi ta zagin iska ni kaɗai har na iso.

Washegarin ranar ba makaranta, sai Litinin da safe na same shi. Ba ya ɗakinsa, na gangara bakin gulbi. Yana nan tsaye, wando naɗe, takalma a hannu, ruwa ja yana ta gudu a gabansa. Ba yaro ko ɗaya. Daga hayi kana hango sabon kwanon Gidan Maƙeri.

Na miƙa masa kwalin, na gaya masa ko na mene ne. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon agogon, ya shafa gilashin da gefen hannun rigarsa. Sannan ya mayar ya rufe, ya miƙo mini.

Ya ce, "In ruwa ya janye ka kai wa Malam Mahadi. Wurina jiƙewa zai yi."

Na ce, "Malam, rana ta yi fa. Zo in kai ka Damba wurin 'yarka, ka huta hakanan. Ba mai zuwa."

Ya ce, "Hajara ta gidan mai gari ta ce yau babanta zai bar ta. Kada ta zo ta iske ba kowa."

Ya juya ya ba gulbi baya, yana kallon 'yar hanyar da ta fito daga cikin gari. Na tsaya tare da shi har fasinjojina suka fara kirana daga sama, sannan na ɗauki kwalin na hau na tafi.